Yaron da za a tura kurmi sayen goro: amsa ga wata uwa a Kano

Wata Hajiya daga Gwammaja ta aiko da tambaya. Ubangidan ɗanta a kasuwar goro ta Mariri zai tura shi wani ƙauye can bayan Ikom a jihar Kuros Riba, ya zauna wata shida yana tara goro da namijin goro. An gaya mata ƙauyen ba wuta, ba asibiti, mota kuma ba ta shiga da damina. Tana so ta san yadda zaman wurin yake, me za ta haɗa masa, da me kuma za ta ja masa kunne.

Hajiya, Allah ya kai shi lafiya ya dawo miki da shi lafiya. Sana'ar da zai bi gadon Kanawa ce. Tun kafin zuwan Turawa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke kora jakuna zuwa Gwanja, Alhassan Ɗantata ma a fataucin goro ya yi ƙarfi. Sai dai fataken wancan zamani galibi a kasuwanni irin su Salaga suke yada zango, mutanen kurmi su fito musu da kaya. Yaronki kuwa a tsakiyar dajin zai kwana ya tashi, kuma kusan duk dabarar zaman duniyar da ya koya a Kano ta jure rani ce da ƙura da ƙarancin ruwa. Can ruwa ne yake mulki, don haka abubuwa da yawa da suke daidai a nan za su cutar da shi idan ya yi su a can.

Ruwan da Kano take samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Yankin Ikom yana samun tsakanin 2,000 zuwa 3,000, daga wajen Maris har Nuwamba. Zafi ba ya kai na Kano: da rana ana wajen maki 30 zuwa 32, babu irin arba'in ɗin nan na watan Afrilu. Amma iskar cike take da danshi, gumi ba ya bushewa a jiki, wanki yana kwana biyu a igiya bai bushe ba. Gishiri yana narkewa a kwano, ashana ta ƙi kamawa, takalmin fata da gafakar Alƙur'ani su yi fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Wannan shi zai gaya miki yadda za ki haɗa guzuri. Na san za ki so ki cika masa jaka da kilishi da ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake da kuka da daddawa da yaji. Ki haɗa, amma kada ki ƙulla a leda ko tsumma. Ki shanya komai ya bushe ƙayau, ki zuba a robobi masu murfin da ake murɗawa, kuma ƙanana da yawa sun fi babba guda ɗaya, domin duk buɗewa danshi ne yake shiga. Kilishi da dambun nama na makonnin farko ne, ya cinye su da wuri. Gyaɗa ko ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna zubarwa ake yi, kankare saman ba ya wadatarwa, saboda gubar da ke lalata hanta tana cikin ƙwayar kuma wuta ba ta kashe ta. Manyan riguna na shadda mai sitaci su zauna a gida, guda ɗaya ta isa saboda Juma'a idan ya fito gari. Abin da yake buƙata shi ne riguna marasa nauyi masu dogon hannu, dogayen wanduna, rigar ruwa, takalmin ruwa mai kaiwa ƙwauri, tocila mai kyau da ashanar gas. Idan zai tafi da farantin sola, ya ɗauki wanda ya fi na Kano girma, don ana yin kwanaki a jere gajimare bai yaye ba. Takardunsa da katin ɗan ƙasa ya sa su a leda mai zif.

Akwai abu ɗaya da mutane suke raina shi: dutsen guga na gawayi. Wani ƙuda yana zuba ƙwai a kan tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Idan an sa rigar, tsutsar sai ta huda fata ta zauna, wurin ya tashi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, mutum yana jin motsi a ciki. Rigakafin shi ne shanya a igiya cikin rana da goge kowace tufa ciki da waje, har ɗan kamfai da tawul da zanen gado, musamman kan ɗinki. Idan ta riga ta shiga, a toshe ramin da man basilin. Numfashi zai gagare ta ta leƙo, sai a matse a hankali ta fito ɗungurungum. Kada a tsaga da reza. Yawo ba takalmi kuma yana jawo jiga a ƙarƙashin farcen ƙafa.

Hanyarsa za ta bi ta Lafiya da Makurɗi da Gboko, ta faɗa Ogoja, sannan Ikom. Daga inda kwalta ta ƙare sai acaɓa, daga inda acaɓa ya gaza sai ƙafa, wani wurin da kwalekwale ko gadar itace. Rafin da ya tsallaka da safe ruwa iya idon sawu yana iya dawowa da la'asar ya tarar ya fi ƙarfin mutum, alhali ko ɗigo bai sauka a kansa ba, domin a kan duwatsu aka yi ruwan. Idan 'yan gari suka ce a jira, ya jira, ko da kaya za su kwana. A 2012 zaftarewar ƙasa bayan ruwa mai yawa ta yi ɓarna sosai a yankin dutsen Afi da ke ƙasar Boki. Iyakar Kamaru ba nisa, ta Mfum, kuma tun wajen 2017 ake rikici a yankin masu magana da Turanci na can, har 'yan gudun hijira suka cika sansanoni a Ogoja. Kada araha ta ja shi ya bi ɓarauniyar hanya ya tsallaka.

Ƙauyen da zai tarar ba shi da katanga, ba zaure, ba shigifa. Gidaje na ƙasa ne da aka yaɓa a kan saƙar itace, rufin kwano ko ganyen tukurwa mai gangare sosai, suna fuskantar fili ɗaya. Soro irin namu ba zai kai damina biyu a can ba. A rafi ake wanka, da wurin maza da wurin mata, ya tambaya tun ranar farko kada ya faɗa inda bai kamata ba. Ba zai ga garken shanu ko jaki ba, saboda ƙudan tsando yana sa musu sammore. Sai gajerun awaki da kaji. Fura da nono sai ya dawo. Bishiyoyin da zai ga sun tokare sama za su sa ya zaci ƙasar ta fi ta Kadawa albarka, amma ƙarfinta a ruɓaɓɓen ganyen da ke sama yake. Ana sare daji da rani, a ƙone wajen Fabrairu ko Maris, a shuka doya da rogo da gwaza da ayabar dafuwa, bayan shekara biyu ko uku ruwa ya wanke ƙasar sai a bar ta ta huta shekaru. Saboda haka kurmin da ya gani ba kowa a ciki, sau da yawa saurar wani gida ce.

Wannan ne wurin da baƙi suka fi yin kuskure. Bahaushe yakan ce dajin Allah, ya sari itace, ya tsinki 'ya'yan itatuwa. A can kowane yanki da mai shi: na dangi, na gari, ko na tsafi da ba a shiga. Bishiyar goro ko ta ogbono guda ɗaya a tsakiyar daji an san gidan da ya gaje ta. A ƙasar ƙabilar Ejagham ta yankin Ikom da maƙwabtansu akwai ƙungiyar Ekpe, wadda wasu suke kira Mgbe, ita ce take zartar da dokar gari tun da can. Idan ya ga an ɗaura ɗanyen ganyen kwakwa a bakin hanya ko a jikin bishiya, alama ce ta hani, ya tsaya ya tambaya. Idan aka ce yau dodo zai fita baƙi su shiga ɗaki, ya shiga. Ba a ce ya yi imani da abin ba, doka ce ta masu gari, kuma tarar karya ta tana da nauyi. Ya sauka tukuna wurin Sarkin Hausawan Ikom, a haɗa shi da wanda zai kai shi gaban dagacin ƙauyen ya gabatar da shi, ya samu fatoma wanda zai tsaya masa. Al'adarsu baƙo yakan kai kwalbar barasa. Ya faɗa musu a mutunce cewa addininsa ya hana, ya kai goro da lemon kwalba da ɗan kuɗi. Sun san Hausawa, za su karɓa. Da Turancin buroka ake ciniki, amma gaisuwar safe da "na gode" a harshen garin suna buɗe ƙofofi da yawa.

Akwai kuma Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991, mai ɓangare biyu, Oban da Okwangwo. A tsaunukan yankin ne ake samun wani nau'in goggon biri da duk duniya bai wuce 300 ba. Za a iya kawo masa tayin ɓawon ɗankunya ko hauren giwa ko aku mai jar wutsiya, a ce a Kano suna kuɗi. Haramtattun kaya ne a doka, kwastan na kama su, kuma zunubin ƙarar da halittar Allah saboda 'yan kuɗi ba ƙarami ba ne. Ko a saka masa a cikin huhun goro kyauta kada ya yarda.

Maganar abinci, ki fara masa da rogo. Mu a Kano mun saba da rogo mai daɗi, a dafa a ci da ƙuli, yara ma su ɓare ɗanye su ci. Yawancin rogon kurmi mai ɗaci ne, yana ɗauke da guba mai kisa, kuma a ido ba a bambance su. Dafawa kaɗai ba ta fitar da ita. Shi ya sa suke fere shi su jiƙa kwana huɗu zuwa biyar kafin a yi fufu, ko su gurza su danne a buhu kwana biyu zuwa uku sannan su soya garin kwaki. Alamar gubar jiri ne da ciwon kai da amai cikin 'yan sa'o'i, kuma asibiti ake nufa nan take. Kada ya dafa rogon da bai tambayi matar gidan irinsa ba. Gwaza ma sai ta nuna sosai, in ba haka ba tana ƙaiƙayin maƙogwaro. Miyarsu ta ganyen afang da manja tana da kyau ga jiki, sai dai naman ciki galibi na daji ne, biri ko gafiya ko alade, ba kuma yankan Musulmi ba. Mafita ita ce kifi, ƙwai, wake, da kazar da ya yanka da hannunsa, a tukunyarsa. Ƙaguwar rafi idan ba ta dahu sosai ba tana sa wata tsutsar huhu mai kawo tari da jini kamar tarin fuka, kuma an san yankin da ita. Bammi za a miƙa masa a ce ruwan itace ne kawai. Daga sauke shi yake fara tsami, kafin azahar ya zama giya. Kada ya taɓa mushen dabbar daji ko ya taya fiɗa, ta nan ƙyandar biri take kama mutum, abinci kuma ya rufe shi saboda ɓera da zazzaɓin Lassa.

Ruwan rafin zai gan shi garau kamar na gora, amma a samansa wani ƙauyen yake wanka da wanki. Ya tafasa na sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ya sa sinadarin kulorin bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar ya jira minti 30. Idan ruwan ya yi jaja-jaja ya fara sa alif ya kwanta. Gudawa idan ta zo: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Zazzaɓin cizon sauro a Kano lokaci gare shi, daga tsakiyar damina zuwa kaka. Can babu hutu duk shekara. Gidan sauro mai magani wajibi ne kowane dare, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Tun da asibiti na da nisa, ya je wurin likita kafin ya tashi a rubuta masa abin gwajin jini na yatsa da maganin atimita-lumefantirin, wanda aka fi sani da Coartem, aƙalla zubi biyu. Ga babban mutum, ƙananan ƙwayoyin guda 24 ne: huɗu yanzu, huɗu bayan awa takwas, sannan huɗu safe huɗu yamma na kwana biyu. A sha da abinci mai maiƙo, kuma a ƙarasa ko jiki ya yi daɗi. Idan amai ya hana maganin zama, ko ya fara sambatu, ko fitsari ya koma kalar shayi, ko ido ya yi rawaya, ba maganar gida ba ce, a ɗauke shi ko da dare ne. Allurar shawara kuma ya yi ta aƙalla kwana goma kafin tafiya. Sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan yana da sikila, Hajiya, shawarata a tura wani.

Da rana ma akwai masu cizo. Wani baƙin ƙuda ɗan mitsitsi yana hayayyafa a rafuka masu gudu, cizonsa na shekaru yana sa wata tsutsa mai kawo ƙaiƙayi mai tsanani da makanta. Wani kuma babba mai ruwan ɗorawa, wanda hayaƙin itace ke jawowa, yana sa tsutsar da ake gani tana ratsa farin ido, da kumburi mai tashi a hannu ya ɓace ya koma wani wuri. Likitoci suna kiransa kumburin Kalaba. Dalilin da ya sa na ambace su tare shi ne, maganin tsutsa ta farko, Mectizan, wanda ake rabawa kyauta, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda tsutsa ta biyu ta yi yawa a jininsa, har ya suma. Don haka kada ya saya a kemis ya sha da kansa saboda ƙaiƙayi. Dogon hannu da dogon wando su ne kariya.

Macijin kurmi da ya fi haɗari wata ƙatuwar kasa ce mai zanen busasshen ganye, tana kwance ba ta gudu sai an taka ta, sai kuma wani kore mai zama a bisa. Takalmin ruwa da tocila da sanda suna hana yawancin sara, kuma ya zazzage takalmin kowace safiya. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure da roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, baƙin dutse kuma ɓata lokaci ne. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar itace kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai shi asibiti. Tun makon farko ya binciki wane asibiti ne yake ajiye allurar dafi da ɗan acaɓan da zai iya tasa da tsakar dare. Kwarkwasa idan ta shigo ɗaki rundunarta guda, fita ake yi a ba ta wuri. Toka ko kananzir a bakin ƙofa yana karkatar da ita.

Salla ba za ta yi masa wuya ba ta wajen ruwa. Alƙibla dai ta ɗan fi karkata arewa: a Kano kusan digiri 68 ne daga arewa, a Ikom kusan 60. Rana tana yawan ɓuya, duhu kuma yana rufe ƙasan bishiyoyi kafin ta faɗi, don haka ya riƙe agogo da jadawalin lokutan Ikom, kada duhun ya sa shi yin magariba ko buɗa baki kafin lokaci. Tabarmar roba ta fi darduma, wadda za ta yi wari cikin mako.

Sai aikin da ya kai shi. Babbar kakar goro daga Oktoba ce zuwa Disamba. Ana fasa kwanson, a jiƙa 'ya'yan kwana ɗaya ko a tara su su ɗan ruɓa har farar fatar ta saki, a wanke, a zuba a kwando mara shimfiɗa kwana uku ko huɗu ya tsane ya yi gumi, sannan a shirya shi a kwandon da aka shimfiɗe da ɗanyen ganye. A nan hannun ɗan Mariri yake cin amanarsa. Ya saba yayyafa wa goro ruwa saboda iskar Kano tana busar da shi. Idan ya yi haka a can, goron zai yi zafi ya ruɓe ko ya tsiro. Abin da goro yake so a kurmi shi ne inuwa da iska, a ɗaga kwandon daga ƙasa, a buɗe duk mako a tsince mai sankara, wato wanda ƙwaro ya ci, da mai tabo a canza ganye. Sankara tun daga gona take shiga, musamman kwanson da ya faɗo ya kwana a ƙasa, don haka ya fi son wanda aka tsinko daga bisa, ya kuma fasa 'yan kaɗan daga tsakiyar kowane kwando kafin ya biya. Ya ware goro mai ɓari biyu, wanda kasuwar Kano take so, daga hannunruwa mai ɓari uku zuwa sama, ya kuma ware marsa, wato manya, daga minu, wato ƙanana, tun a can. Za a ba shi shawarar zuba fiya-fiya ko Gammalin don kashe ƙwaro. Kada ya yi: goro ɗanye ake ci, ba wanki ba dafuwa, kuma bakin tsofaffinmu zai shiga. Biyan kuɗi tun goro yana bisa shi ne babbar hanyar asara. Idan ya zama dole, a yi a gaban dagaci da fatoma, a rubuta. Kuɗi masu yawa su zauna a banki a Ikom, ya riƙa ɗaukar na mako.

Waya sai ya hau wani tudu da 'yan gari suka sani, don haka ku tsayar da rana ɗaya a mako da zai kira ki, ki kuma karɓi lambar wani a zangon Hausawan Ikom, saboda shirun kwana uku a can sau da yawa ruwa ne kawai ya hana hawa tudun. Ranar da ya ɗoro kaya, daga Makurɗi zuwa sama iska ta fara bushewa, a nan ne zai koma yayyafin da ya saba. Idan ya dawo kuma, duk zazzaɓi ko tari ko ƙaiƙayi ko kumburin da ya taso ko bayan watanni ne, ya gaya wa likita a fili cewa ya zauna a kurmin Kuros Riba da tsawon zaman, domin gwajin tsutsar ido da tsakar rana ake ɗibar jininsa, kuma likitan Kano ba zai neme ta ba sai an faɗa masa.